Carbin Kawu da Kafaɗar Surukinsa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa aka nufa da mu duka. Kawu ya riga mu isa da asubahin wata Juma'a, makonni biyu da suka wuce. Aka sallace shi bayan an sauko daga masallaci, aka kai shi makwancinsa, muka dawo unguwarmu Sa'alaba muka jera kujeru a bakin titi, aka jawo wayar fitilu daga gidan maƙwabci, muka yi zaman aza, wato zaman makoki, na kwana uku tsakanin magariba da isha'i, yadda ake yi a Jidda. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Abin da kunnena ya ji a kan kujerun nan shi ya sa ni wannan rubutu, don in na yi shiru, nan da shekara guda mutumin da za a riƙa tunawa ba shi ne wanda muka binne ba.

Masu ta'aziyya iri biyu suka zo. Na farko dattawan unguwa. Limamin masallacinmu ya gyara zama ya ce, "Bawan Allah ne. Ban taɓa ganin hannunsa ba carbi ba. An ce mini har a filin wasan nan nasu na Nasara yana tsaye cikin rana yana ja." Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Na biyu mutanen filin ne, waɗanda suka san abin da ake ja da carbin. Ɗaya daga cikinsu, wani direba mai tumbi wanda bai taɓa gudun taku goma ba tare da ya nemi ruwa ba, ya karɓi gahawar gidan mamaci ya kurɓa, ya ce da na kusa da shi, "Allah Ya jiƙan Alhaji. Amma wallahi da ba don tsoronsa ba, da tuni akwai kofi a gidan nan." Da muryar da ake karanta sanarwa ya yi raɗar.

Liman ya yaba masa a kan abin da bai fahimta ba, direba ya zage shi a kan abin da ya kamata ya gode masa. Na liman ba ya cutar da kowa. Na direban ne ya kusa cin kafaɗar mutum, kuma a kansa zan yi magana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, besbol wasa ne na mutum tara-tara. Ɗaya ya hau ɗan tudu a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo mai taurin dutse, abokin hamayya ya tsaya da kulki ya nemi dokewa. Zagaye tara ake yi. Sauran 'yan wasa rabin lokacinsu a tsaye suke suna sosa ƙeya. Mai jifa kaɗai ke aiki a kowane numfashi, kuma aiki ne da ba don shi aka halicci kafaɗar ɗan Adam ba. Shi ya sa ake ajiye wasu masu jifa a gefe, cikin wani shingen waya, suna jiran a kira su in na kan tudu ya gaji. Kawu garke yake kiran wurin, mu ma haka muke kiransa.

A Jidda akwai 'yar gasar ma'aikata da ake yi lokacin sanyi a filin wani rukunin gidajen baƙi a Abhur. Akwai ƙungiyar 'yan Filifin, akwai ta Amurkawa, akwai wasu, sai tamu: direbobi, teloli, masu gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), haifaffun nan da Hausawan Sudan. Kawu ne ya tara mu, ya riƙe mu fiye da shekara ashirin. Ni aikina zama a benci da littafi ina rubuta maki, don tun farko ya duba yadda nake jifa ya ce in ci gaba da koyar da nahawu.

Carbi biyu gare shi. Baƙi na icce yana aljihun dama, kore na roba yana aljihun hagu. "Wannan na Allah ne," in ji shi, "wannan na kafaɗa." Duk jifa ɗaya, ƙwaya ɗaya. Carbin kashi uku ne, talatin da uku-uku, kuma dokarsa ba ta da wuyar haddacewa: kowane kashi da ka jefa, hutun kwana ɗaya, sannan a ƙara maka kwana ɗaya na ladabi. In carbi ya zagayo ƙarshe kana kan tudu, ka sauko, ko ana ci ko ana cinye mu. Wanda ya gama carbi guda, kwana huɗu ba ya taɓa ƙwallo. A wasannin yau da kullum ba mai gardama, don mako-mako ake yi. Rigima sai an shiga kifa-ɗaya-ƙwala, inda wasanni ke hawa kan juna, kowa kuma ya tuna cewa akwai mutum ɗaya a ƙungiya da ya fi saura iyawa, ya fara tambayar me ya sa ba za a ba shi ƙwallo kullum ba.

Ba daga littafi Kawu ya samo dokar ba. Yana saurayi yana ban ruwan ciyawa a gidajen Abhur, wasu Amurkawa suka ga yadda yake korar hankaki da tsakuwa, suka ɗora shi kan tudu. Sun so shi, bai taɓa cewa ba su so shi ba. Son ne ma ya sa a wata gasa suka ba shi ƙwallo wasa uku cikin kwana uku. Ya ciwo musu kofi, suka ɗauki hoto da shi, daga nan hannunsa na dama bai ƙara wuce kunnensa ba. Ya koma tuƙi. Na yi aikin hajji da shi sau ɗaya, na ga mutumin da aka ce ƙwallonsa har kuka take yi a iska yana jifan Shaiɗan da hagu, tsakuwar tana sauka a gaban ƙafarsa. Ya waiwayo ya ce mini, "Ka gani ko? Har shi ma ya samu sauƙina."

Kada a ɗauka matsoraci ne mai cire mutum da ya ga gumi. In kakar kifa-ɗaya-ƙwala ta Amurka ta zo, bayan sallar asuba sai ya zauna gaban talabijin da shayi, ya yi ta faɗa da masu horarwa iri biyu. In ya ga an sake kiran mutumin da ya yi jifa jiya da shekaranjiya, sai ya ce, "Wannan yaron uwarsa ba ta kallon talabijin ne?" In kuma ya ga an cire mai jifa yana kashi na biyu, lafiyarsa ƙalau, saboda wata takarda da aka miƙo daga ofis, sai ya ce, "To, ka ƙone garke yau. Gobe kai za ka hau tudun da kwat ɗinka?" A wurinsa duka biyun laifi ɗaya ne, mutum ya manta akwai gobe.

Mutanen garke kuwa, yadda ake kula da baƙo haka yake kula da su. Yana ba su ƙwallo tun farkon kaka, ko da za su zubar mana da wasa, don ya ce wanda ba ka amince masa ranar da ba kowa a fili ba, ba ka da bakin kiransa ranar da fili ya cika. In ya sa mutum ya tashi ya ɗumama hannu, sai kuma bai shigar da shi ba, jifan da ya yi cikin shinge ma yana shiga carbi. "Kafaɗa ba ta san ko alƙali yana kallo ba," in ji shi.

Kofin da direba ke yi wa makoki, ga labarinsa. Shekarun baya mun kai wasan ƙarshe. Mai jifanmu wani bahago ne haifaffen nan, mai gyaran mukayyif a Bagdadiyya, wanda Hausarsa ta jirkice, in ya buɗe baki rabi Larabci ke fitowa. Muna gaba da maki ɗaya, zagaye na tara, saura mutum guda a fitar. Carbi ya ƙare. Kawu ya taka a hankali har tudu ya miƙa hannu.

Bahago ya ce, "Ya ammi, haram alaik. Wahid bas, mutum ɗaya ya rage."

Kawu ya ce, "Ba ni."

"Wallahi ba na jin komai."

"Ni ma ban ji komai ba ranar. Ba ni."

Ya kira wani tela Bahaushen Sudan daga garke. Jifa na biyu aka doke ƙwallo ta haye katanga ga wani ɗan wasansu a kan hanyar cin maki, suka samu maki biyu a lokaci guda, aka cinye mu. Bahago ya yi jifa da safar hannunsa, wata biyu bai gaida Kawu ba. 'Yan ƙungiya suka yi taro a wani shagon shayi don su sauke shi, taron ya watse ne kawai da suka tuna kulake da ƙwallaye duka nasa ne, motar da ke kai su Abhur ma tasa ce.

Washegarin wasan da safe Kawu ya ɗauke ni muka tafi shagon telan da dafaffen waken ful da burodin tamis mai zafi. Telan yana ganinmu ya sunkuyar da kai kan keke. Kawu bai ambaci wasa ba ko sau ɗaya. Ya zauna suka ci, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa a can gida, ya yi ƙorafin wuyan wata riga. Da za mu fita ya ce, "Wasan farko na baɗi kai za ka buɗe. Ka fara shiri." Kuma shi ya buɗe.

Bahago kuwa, bayan shekara biyu ya turo manya neman autar Kawu. Aka yi tsammanin za a tono tsohon zance. Kawu ya ce, "Na ba shi. Na san lafiyar hannunsa, ni na ajiye." Yau suna da 'yan biyu, kuma abin da ke ciyar da gidan shi ne hannun nan na hagu, wanda ke ɗaga mukayyif sama da kai a kan tsani daga safe zuwa la'asar.

Bana muka sake kai wasan ƙarshe, karon farko tun wancan, da 'yan Filifin, wanda ya ci biyu cikin wasa uku shi ke da kofi. Kawu yana asibiti kwana goma kafin nan, sai babban ɗansa, taubashina, ya riƙe ƙungiya. Wasan farko ranar Alhamis. Ba carbi a fili, amma littafina yana nan, kuma na iya lissafi. A zagaye na bakwai surukin Kawu ya cika carbi. Na ɗaga wa taubashi hannu, ya kalli sama kamar mai neman jinjirin wata. Ya bar shi har ƙarshe, carbi guda da kashi ɗaya da 'yan kai. Mutum biyar suna garke, har da telan, suna ɓare 'ya'yan kabewa, ba wanda aka ce wa tashi. Muka ci. A dokar Kawu, hutun kwana biyar ke nan, sai Laraba. Washegari da asuba Kawu ya cika, kuma ina gode wa Allah da ba wanda ya samu damar kai masa albishir.

'Yan Filifin suka zo aza a jere, da fararen riguna, suka ce sun yarda a ɗaga sauran wasanni zuwa Litinin da Talata. Mutunci suka yi. Namu ne suka mayar da mutuncin lissafi: kwana uku ya isa, bahago zai hau tudu Litinin.

A azar Jidda dangin mamaci tsayuwa suke yi a sahu, masu ta'aziyya su bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗarka ya ce Allah Ya girmama lada, ya wuce. Wanda ya fuskance ka ya miƙo dama, a kafaɗarka ta hagu take sauka. Surukin Kawu yana gefena a sahu. Ranar farko na ga yana runtse ido duk sanda hannu ya sauka, na ɗauka kuka yake dannewa. Rana ta biyu na ga gumi yana bin wuyansa, yana ɗan karkacewa don ya miƙa kafaɗar dama, har mutane suna waiwayawa su ga wa yake nema. Tsofaffi masu hannu kamar auduga ma sai ya cije leɓe. 'Yan ƙungiyarmu kuwa su suka fi kowa nauyin hannu. Kowanne sai ya dafa, ya matse, ya sunkuyo ya ce, "Litinin, don Alhaji."

Na ce masa a hankali, "Baban 'yan biyu, yaya kafaɗa?"

"Tamam, ya ustaz. Gajiya ce shwayya, 'yar kaɗan."

"Ɗaga mini hannun in gani."

"A gaban mutane? Aib."

Ba ƙarya yake son yi ba. Kunya ce. Yayan matarsa ne ya nema, cikin makokin uba, da sunan uban. Wane suruki ne zai ce a'a?

Na samu taubashi a bayan kujeru, wurin da ake dafa gahawa. Tsakanina da shi tun muna yara ba a magana sai da tsiya, don haka na fara yadda aka saba.

"Taubashi, an ce ka gaji sarauta. Wa zai hau tudu Litinin?"

"Wa kake so ya hau, kai? Alli ka iya jefawa, shi ma ba ka samun ɗalibin."

"Carbi ya ce sai Laraba."

"Carbi yana aljihun Baba, Baba yana wurin Ubangijinsa. Halas."

"Mutumin nan ko dafa shi aka yi sai ya yi gumi. Ka tsaya a sahu ka gani."

"Wasa ɗaya ne, ya shekh. Ɗaya. Ya ci mana Litinin, ya huta har baɗi." Sai muryarsa ta canza, tsiyar ta fita daga cikinta. "Shekara ashirin da wani abu Baba yana ƙonewa a rana, bai taɓa ɗaga kofin ƙungiyarsa ba. Ana yi masa dariya, ina ji. Zan kawo kofin nan in ajiye a gaban Inna. Don shi."

Ban yi shakkar yana son ubansa ba. Abin da ya tayar mini da rai ke nan. Mutum ya kwashe rayuwarsa yana faɗar magana ɗaya, da baki, da carbi, da hannun da ba ya ɗaguwa, ya jure zagi a kanta, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba a taru a take ta, a kuma rubuta sunansa a saman aikin. Da maƙiyi ne ya yi, da sauƙi. Har wanda ya haifa bai ji darasin ba, ya ɗauka abin da ya rasa kofi ne.

Sai na yi abin da malamin makaranta ya ƙware a kai, na kai ƙara wurin uwa.

Matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, tana ɗakin ciki tana takaba. Ta tsohuwar tarbiyya ce. Tun da aka yi auren autarta ba ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba, in tana son ya ƙara shinkafa sai ta ce wa 'yarta a ce wa mutanen gidan su ƙara. Ta saurare ni har na gama. Ranar Lahadi da hantsi ta aika a kira mata ɗanta, da autar, da mijin autar, ta ce ni ma in tsaya tunda ni na kawo. Muka zauna a bakin ƙofa.

Da ɗanta ta fara.

"An ce za ka kawo mini kofi."

"Insha Allah, Inna."

"Akwai ɗaya a ƙarƙashin gado, wanda ubanka ya ciwo wa Turawa. Zare da allura nake zubawa a ciki." Ta gyara mayafi. "Kai ka san ubanka ba ya ɗaga hannu. Abin da ka sani ke nan. Shekara arba'in da ɗaya ni nake zura masa hannun riga kowace safiya kafin ku tashi. Ni nake cuɗa masa baya. In sanyi ya shigo ba ya kwanciya ta dama, sai in jera masa matasai. Ranar da aka haife ka aka miƙa masa kai, sai da ya zauna a ƙasa aka ɗora masa kai a cinya, don yana tsoron ka suɓuce masa. Ya hana ni faɗa, ya ce kada 'ya'yansa su riƙa kallonsa da tausayi. Yanzu ba ya nan da zai hana ni."

Taubashi bai ɗago ba. Sai ta juya, ta kalli surukinta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, shi ma ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Baban 'yan biyu, da kai nake. Na yi wannan aikin don ina son mai shi, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma 'yata ba za ta yi shi saboda wasa ba."

Ya ce, "Hadir, Inna." Autar tana kuka ba sauti.

Ranar Litinin mutanen garke biyar suka karɓi tudu bi da bi, aka cinye mu da maki ɗaya. Ranar Talata aka cinye mu da abin da ba na son rubutawa, ko da yake na rubuta, don aikina ne. Surukin Kawu yana zaune cikin shinge da farar riga yana miƙa musu ruwa da hannun dama. Likitan da ya duba shi ya ce abin ya fara tsagewa amma bai rabu ba, ya huta wasu watanni, zai koma kan tsaninsa. Taubashina yana amsa sallamata, sai dai ya daina yi mini tsiya, kuma tsakaninmu wannan shi ne gaba. Zan jira. Ya rasa uba da kofi a mako guda, kuma har yanzu bai gama tantance wanne ne yake yi mini fushi a kai ba.

Allah Ya gafarta wa Kawu abin da muka sani da wanda Inna kaɗai ta sani. Ya ba ta haƙurin safiyoyin da za ta tashi ba rigar da za ta riƙe wa kowa. Shi kuma Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi hutu cikakke, irin wanda ya yi shekaru yana ƙwato wa 'ya'yan mutane ana zaginsa. Amin.